Ranar da Na Goya Malam a Keke

Idon Malam ne ya fara mutuwa kafin sauran jikinsa. Malam mijina ne, mai gyaran keke a bakin kasuwar Kazaure, kuma haka nake kiransa tun ranar da aka kai ni gidansa, ko da yake ban taɓa ganin ya koya wa kowa komai ba sai faci. Na fara lura ne da ya riƙa laluben sifana a kan tabarma alhali tana gabansa. Daga baya sai ya riƙa gaida mutum da sunan wani. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi da 'yar kwalbar magani da maganar haƙuri. Ni ban yi kuka saboda idon ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne a cikin idon nan kabarin 'yata yake. Shi kaɗai ya san wurin, in idon ya rufe shi ke nan.

'Yar fari ce. 'Yan matan yanzu ina ganinsu a mota sun rungume 'ya'yansu na fari suna kiran sunansu da ƙarfi kowa yana ji, sai in ji daɗi in kuma ji haushi. Mu ba haka aka yi mana ba. Dangin Malam Fulani ne da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya a wani ƙauye ta wajen Roni, amma kunyar ba su ajiye ta ba, ƙara ta ma suka yi. Tun ranar suna surukata ta zaunar da ni ta karanta mini doka. Ba zan kira sunan yarinyar ba, ba zan yi mata wasa a gaban mutane ba, in ta faɗi ba ni zan fara tashi ba. Ana yaye ta aka mayar da ita ɗakin kakarta. Ni sai dai in ce waccan, ko yarinyar nan. Ita kuma da ta fara magana kakarta take ce wa Inna, ni ta ce mini Yaya. Tana da wata ɗabi'a, in ina daka sai ta zo ta tsaya nesa kaɗan tana kaɗa kai daidai da saukar taɓarya. In muka haɗa ido sai in kawar da kai, don akwai masu kallo.

Wajen shekarar da aka yi murnar samun mulkin kai ƙyanda ta shiga ƙauyen. Ta ɗebi yara kamar ana tsince su. Tawa ta tafi da hantsi, a cinyar kakarta, ina tsakar gida. Kafin azahar maza sun fita da ita a naɗe cikin tabarma. Na buɗe baki zan yi ihu, surukata ta damƙe mini hannu ta ce in rufa wa gidan asiri, 'yar fari ce. Sai na koma na ci gaba da ɗebo wa masu gaisuwa ruwa. Mata suna ta yaba ni, wai yarinya ce amma ta san kanta. Har yau in na tuna yabon nan sai in ji kamar in tofar da miyau.

Mace ba ta bin gawa, don haka ban ga inda aka sa ta ba. Bayan an kwana biyu na tambayi Malam, muna mu kaɗai. Ya ce tana gabas da wata kuka, ya dasa dashi a kanta don kada wurin ya ɓace. Na riƙe maganar nan shekara da shekaru. Na haifi wasu, maza, suka girma. Muka baro ƙauyen muka dawo Kazaure da motocin gyaɗa suka daina bi ta can. Duk damina in na ga dashi ya yi ganye a shingen wani sai in ce a raina nata ma ya yi. Kuma na yi wa kaina alkawari ɗaya: wata rana zan tsaya a kanta in kira sunanta sau ɗaya da bakina, in ji yadda yake fita. Ban taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Ajiye mata shi nake yi.

Da na ce wa Malam ya kai ni kafin idon ya ƙarasa, sai ya fara kawo dalilai. Mace ba ta zuwa maƙabarta. Na ce Allah ya yafe mini, zan je. Ya ce mota ba ta bin hanyar. Wannan gaskiya ne. Lokacin kuɗin mai ya shigo, an shimfiɗa kwalta ta wani wajen, tsohuwar hanyar da ake bi da gyaɗa a kai ta Kano ta hau jirgi an bar wa jakuna da shanu da masu keke. Na ce to ga keke nan jingine. Ya ce shi da ba ya bambance rami da inuwa, so nake ya zubar da mu? Ya kawo shawarar a nemi mai babur. Na ce ba zan kira sunan 'yata wani ƙato yana tsaye yana jira na gama ba. 'Ya'yana kuwa da sun ji, da sun hana.

“To ni zan tuƙa,” na ce masa.

Ya yi dariya har da tari. Ya ɗauka wasa nake. A lokacin na riga na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, ina zama kusa da sa'o'in 'ya'yana ina haɗa baƙi da wasali, don haka dariyar mutane ta daina yi mini ciwo. Na riƙa jan keken zuwa wani fili bayan gari da rana tsaka, sa'ad da kowa ya shige inuwa. Keken maza ne, mai sanda a tsakiya, zani ba ya barin mutum ya hau. Sai na ɗauki tsohon wandon Malam na sa a ƙarƙashin zanin, na tattare zanin na soke a ƙugu. Na faɗi a kan ƙaya, na faɗi a kan kashin jaki, gwiwata ta dama har yanzu da tabo. Da na iya ni kaɗai sai na ɗaura buhun gero a kariya, ƙarfen baya da ake goyo a kai, don in saba da nauyin mutum. Ranar da Malam ya ji na shigo zaure ina kaɗa ƙararrawa bai yi dariya ba.

Muka tashi wata Lahadi da safe, ƙarshen damina, an yanke gero dawa tana tsaye. Shi da kansa ya duba keken da hannu, ya matsa tayoyi, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya sa famfo da kayan faci a aljihu. Muka ja shi har bayan gari kafin in hau, don kada a tara mana jama'a. Duk da haka ba mu tsira ba. Wasu mata masu itace suka ajiye kayansu suka bi mu da kallo, ɗaya ta ce ƙarshen duniya ya zo. Na ce mata in ya zo ta hau itacenta ta gudu.

Ba mu yi nisa ba ya ce in tsaya a dam, madatsar ruwan da ke bayan gari, yana so ya ga ruwa kafin ya daina gani. Wa zai hana makaho na gobe kallon ruwa? Na tsaya. Ruwan ya cika har gindin duwatsu, masunta suna can tsakiya a kan gora. Akwai wasu ma'aikata 'yan kudu da suka fito daga coci da iyalansu, sun shimfiɗa zani suna cin abinci da rediyo a gefe. Matar ɗaya daga cikinsu ta tafa mini, ta ce da 'yar Hausarta a garinsu ma mata ne ke tuƙa keke, ta miƙo mana lemo. Malam ya zauna ya ɓare lemon nan a hankali kamar mai fiɗar akuya, yana tambayar mijin labarin aikinsu, da garinsu, da yadda suke shuka doya. Mutumin da ko maƙwabcinsa ba ya doguwar hira da shi. Sai da na kaɗa ƙararrawa ya tashi.

Daga nan muka hau tsohuwar hanyar sosai. Na san ta lokacin da manyan motoci biyu ke giftawa a kanta, kwana da yini tana ruri. Yanzu manoma sun ci ta dama da hagu, saura ɗan siririn jan layi tsakanin dawa da dawa, amma da yake an ɗaga ta da marmara tun asali, ruwa bai cinye ta ba, ta fi kwalta daɗin keke in ban da wajen kwalbatocin da suka rufta. A nan sai mu sauka, in ja keke da hannu ɗaya in ja Malam da ɗaya. Ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da kurciya. Ni da ban taɓa tafiya da sauri da ƙarfin ƙafata ba, akwai wata gangara da iska ta cika mini mayafi na ji wani abu kamar farin ciki. Na tsani kaina a kan haka, na taka birki.

Ya sake cewa in tsaya a wani dutse mai faɗi a gefen hanya, wai ba zai yiwu mu wuce ban ga ramukan da ke kansa ba. Ramuka ne ƙanana a jere, sun yi sumul. Wasu na cewa mutanen da ne suke dara a ciki, wasu na cewa aljanu ne suke niƙa. Da can direbobi har tsayawa suke su nuna wa fasinja. Malam ya durƙusa yana sa yatsa a kowane rami ɗaya bayan ɗaya, yana ba ni labarin yadda suke kiwo a nan suna yara, da yadda wansa ya taɓa zamewa ya fasa haɓa. Wan nan nasa bara waccan ya rasu. Na ce masa na ga ramuka, rami ɗaya na fito nema. Ya tashi muka hau.

Rana ta take sa'ad da muka iso tsohuwar rumfar awon gyaɗa, inda ake sauka a shiga ƙauyenmu. Kwanon rufin an kwashe, sikelin yana nan ya yi tsatsa, awaki suna kwance a kansa. Tsamiyar da motoci ke tsayawa ƙarƙashinta ita kaɗai ba ta canza ba. Na tuna masu tuwo da masu shayi da 'yan dako da suke cika wurin, har ni na taɓa kawo dafaffiyar gyaɗa. Yanzu mutum ɗaya muka tarar, wani tsoho da ya yi kamasho a zamanin motoci, ya kasa rake a gabansa babu mai saye. Taubashin Malam ne, don haka tun daga nesa ya fara.

“Kai makaho, a ina ka samo direba mai ɗankwali? Ko ita ta biya sadakinka?”

Malam ya ce ai gara shi yana da mai ja, wani ko akuya ba ta yarda ta ja shi. Suka yi ta yi. Tsohon ya ce in na gaji da wannan kayan in sauke shi a kwalbati in dawo in ɗauke shi, shi bai kai nauyin Malam ba don ba ya cin amanar tuwo. Ya yanka mana rake. Malam ya zauna ya miƙe ƙafa, ya shiga tambayar mutanen ƙauye gida gida, wa ya mutu, wa ya tafi Legas, wa ya sayi babur. Da tsohon ya tambayi abin da ya kawo mu, Malam ya yi sauri ya ce zumunci. Sannan ya ce tayar baya ta yi sanyi, sai an duba. Ya kwantar da keken ya cire tayar yana bin ta da kunne. Na taɓa ta kafin ya cire, lafiyarta ƙalau. A nan ne na fara zargin akwai wani abu, amma na ce wa kaina tsoron maƙabarta yake, ko tsoron a gan shi ya kawo mace.

Ba mu shiga ƙauyen ba, muka zagaya ta bayan gonaki. Kukar tana nan, ita ko makaho ya gan ta. Na jingine keke a jikinta na juya gabas. Abin da na gani kurmin dashi ne. Duk inda na duba dashi, wani ya zama itace wani ya bushe wani ya kwanta ya sake tsiro, ciyawa ta kai gwiwa, kaburburan sun baje sun zama ɗaya da ƙasa, sai fasassun tukwane nan da can. Ban taɓa shiga maƙabarta ba, ban san kowa dashi yake dasawa ba. Shekara da shekaru ina ganin itace ɗaya tal a tsakiyar fili, da ɗan tudu a ƙarƙashinsa.

Na yi sallama kamar yadda na ji maza suna yi, na kama hannun Malam na ce ya nuna mini. Ya shiga gaba yana shafa itatuwan. Ya shafa wannan ya wuce, ya shafa wancan ya dawo. Na bi shi a baya, sunan yana nan a kan harshena, har na ji ɗanɗanonsa. Muka zaga muka sake fitowa gindin kuka.

“Malam, wanne ne?”

Ya zauna a kan saiwa, ya cire hula ya riƙe ta.

“Ban sani ba.”

Na ce idon ne, ya kwatanta mini ni in duba, taku nawa daga kuka, kusa da me.

“Ba ido ba ne,” ya ce. “Ko da idona garau ban sani ba.”

Sai ya gaya mini. Ranar, wansa ne ya ɗauko ta a hannu. Da suka iso bakin kukar nan baffansu ya sa masa hannu a ƙirji ya ce ya tsaya nan, uba ba ya tsayawa a kan ɗan fari ana kallon fuskarsa. Ya tsaya. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa har aka gama aka shafa fatiha, bai ɗaga ba ko sau ɗaya, don kada a ce ya leƙa. Shi ma an yaba masa a hanyar komawa. A makon nan yara da yawa aka binne a jere, da ya dawo daga baya shi kaɗai sai ya tarar da ƙananan tuddai iri ɗaya, bai san nata ba. Tambayar wansa kuwa ta fi ƙarfinsa. Yaya zai buɗe baki ya tambayi yayansa kabarin 'yar fari?

Na ce dashin fa, wanda ya ce ya dasa. Ya ce shi bai dasa ba, amma ya san ba za a rasa wanda ya dasa mata ba. Ya ga ina neman abin riƙewa ne ya ba ni.

Ban san na iya yin magana a hankali ina cikin irin wannan fushin ba. Na ce masa wansa shekara nawa ya yi da rai bayan nan, yana zuwa gidanmu ina dafa masa abinci, ina durƙusawa ina gaishe shi. Na ce da ya gaya mini gaskiya, da ni na je na tambaye shi da bakina, a gaban kowa, ko da za a ce ba ni da kunya har in mutu.

“Na sani,” ya ce. “Shi ya sa ban gaya miki ba.”

Na bar shi nan na koma cikin dashin ni kaɗai. Na tsaya a inda ƙasa ta fi yin ƙananan ramuka, na ce watakila nan ne layin yaran. Na buɗe baki. Amma wa zan kira? In na faɗa a nan, kan ɗan wata na faɗa. In na ɗaga murya na watsa shi a kan maƙabartar duka, to na yi abin da aka yi ta yi mata tana da rai ke nan, a yi magana a gefenta ba da ita ba. Ba don haka na koyi keke ba. Na daɗe a tsaye, tururuwa suna hawa wandon Malam da ke jikina. Na yi wa duk wanda ke wurin addu'a, don wannan ba ya bukatar suna, na rufe bakina na fito.

Na yi tunanin in hau keke in bar shi a gindin kuka, taubashinsa ya ja shi gida. Na ma ɗora ƙafa a feda. Sai na ga yana laluben hularsa a ƙasa, tana kan gwiwarsa. Na ce ya hau.

A komawa bai ce a tsaya ko'ina ba. Tsohon mai rake ya ɗaga hannu zai fara tsiya, ya ga fuskokinmu ya mayar da hannun. Muka wuce dutse mai ramuka. Da zuwa Malam rigata yake riƙewa in mun shiga gargada, da dawowa ƙarfen kariya ya riƙe. Keken ya yi mini nauyi kamar an ƙara mutum, hawan da ban lura da shi da safe ba sai da na sauka na tura. Wajen dam 'yan kudun sun tafi, saura ɓawon lemo. A nan ya yi magana, daga bayana, ba da ƙarfi ba. Ya tambaye ni ko na kira ta. Na ce ban kira ba. Da muka kusa shiga gari sai ya ce to in faɗa yanzu, shi ma tun ranar suna bai sake jin sa a bakin kowa na gidan ba, yana so ya ji.

“Ba kai na ajiye wa ba,” na ce.

Idon ya ƙarasa rufewa kafin wata daminar. Na ci gaba da dafa masa, ina jan shi zuwa bakin zaure ya sha hantsi, ina yanke masa farce, har ya rasu. Bai sake roƙona ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Keken ban kuma hawansa ba, yana rataye a zaure tayoyin sun tsage. An ce mini tsohuwar hanyar yanzu ko jaki da ƙyar yake bi, dawa ta haɗe ta. Na koyi rubutu har ga shi ina cika takarda, na iya rubuta sunan kowa a unguwarmu, nata ma na san baƙaƙen da za su haɗa shi. Ban rubuta ba. Yana nan a bakina inda yake tun ranar da aka raɗa mata, kuma na tsufa, ban san inda zan kai shi ba.